Bashi a Madadin Albashi: Abin da Ya Hana Ba'amurke Hutu

A watan Fabrairun 2005, Shugaba George W. Bush yana zagayen tallata shirinsa na sauya tsarin fansho, ya yada zango a birnin Omaha na jihar Nebraska. A gaban jama'a wata bazawara mai 'ya'ya uku ta shaida masa cewa aiki uku take yi. Shugaban ya jinjina mata, ya ce irin wannan sai a Amurka, har ya tambaye ta ko tana samun barci, mutane suka yi dariya.

Abin da shugaban ya ɗauka na tinƙaho, ni alamar ciwo na gani. Wace uwa ce za ta raba yininta da darenta tsakanin iyayen gida uku don marmari? Ruwa ba ya tsami banza. Bari tun da wuri in faɗi inda na tsaya. Ba'amurke mai matsakaicin ƙarfi yana ƙara aiki yana ƙara cin bashi ne saboda an daɗe da raba albashinsa da arzikin da guminsa ke samarwa, an sakar masa nauyin gida da asibiti da makaranta shi kaɗai, sannan a daidai wurin da ya kamata a ƙara masa albashi aka miƙa masa katin bashi. Mutane ne suka yi hakan, da dokoki da hukunce-hukuncen da kowannensu yana da ranar da aka zartar da shi.

A majalisun hirarmu maganar ta rabu biyu. Wasu na cewa Amurkawa ba sa wasa da aiki, shi ya sa suka ci gaba, mu kuwa sai zaman shayi. Wasu na cewa son duniya ne ya mai da su bayin riba. Duk mai ɗan'uwa da ke tuƙa tasi a New York, ko mai 'yar'uwa da ke kula da tsofaffi a gidajensu, ya san wahalar samunsu a waya: ko suna bakin aiki, ko suna barcin gajiya, ko suna hanyar zuwa aiki na biyu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dukan ɓangarorin nan sun ga wani abu na gaskiya, amma kowannensu halin mutum ya ɗora wa laifin, ya bar tsarin da mutumin ke rayuwa a ciki.

Mu fara da masu cewa al'ada ce. Alƙaluman ƙungiyar OECD sun nuna ma'aikacin Amurka na yin kusan awa 1,800 a shekara, na Jamus kimanin 1,350. Wani ɓangare na tazarar ya samo asali ne daga yawan masu aikin rabin yini a Jamus, amma ko an cire wannan, tazarar tana nan da girmanta. Masu hujjar al'ada sukan jingina da Max Weber, wanda fiye da shekara 100 da suka wuce ya danganta ƙwazon jari-hujja da aƙidar Furotesta. To, ai Jamus ce mahaifar wannan aƙida, kuma yau tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin awannin aiki. Ga kuma abin da ya rushe hujjar gaba ɗaya: a farkon shekarun 1970 Bafaranshe da Bajamushe sun fi Ba'amurke yawan aiki. Wace irin al'adar kaka da kakanni ce take juyewa cikin shekara 30?

Masanin tattalin arziki Edward Prescott, wanda ya ci kyautar Nobel a 2004, ya ce haraji ne: Turai ta tsananta haraji, aiki ya daina biyan wahalarsa, mutane suka zaɓi hutu. Hujja ce mai nauyi, amma ba ta gamsar da ni ba. Ƙasashe irin su Denmark da Sweden suna cikin masu karɓar haraji mafi yawa a duniya, kuma kason mutanensu da ke da aikin yi bai gaza na Amurka ba. Babban bambancin yana wurin hutu, shi kuwa hutu doka ce ta ba da shi. Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla mako 4 na hutu da albashi kowace shekara, Faransa ta kai shi mako 5 tun 1982. Dokar tarayyar Amurka ba ta wajabta ko yini ɗaya ba. Dokar 1993 ta ba mai jego mako 12, amma babu albashi, kuma ba ta shafi ƙananan kamfanoni ba. Wasu jihohi kamar California sun yi nasu tanadin, a sauran kuwa mace mai ƙaramin ƙarfi takan koma tsayuwa a bayan kanta tun ba ta yi arba'in ba. Da arziki ya ƙaru, Bature ya karɓi wani kaso nasa a matsayin hutu domin yana da ƙungiyoyin da za su karɓo masa. Ba'amurke bai samu wanda zai karɓo masa ba.

Asalin ƙarin aikin ma a cikin gida yake. A 1970 kimanin kashi 43 cikin 100 na matan Amurka ne ke aiki ko neman aiki, zuwa 1999 sun kai kashi 60. Da yawansu so suke yi, kuma sun yi gwagwarmayar samun wannan dama, ba ni da ja a kai. Tambayata ita ce: ina albashin na biyu ya tafi? Elizabeth Warren, tun tana malamar shari'a a Harvard kafin ta zama sanata, ta rubuta littafi da 'yarta a 2003 kan wannan tambaya. Abin da suka gano shi ne kuɗin gida, inshora, mota ta biyu da gidan renon yara sun lashe albashin, har abin da ke saura a hannun iyali mai albashi biyu bai fi na iyayensu masu albashi ɗaya ba. Kuma a da, in maigida ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo, uwargida na iya fita ta toshe giɓin. Yanzu dukansu suna waje, dukan albashin an riga an yi masa gida kafin ya shigo, in ɗaya ya faɗi babu mai tare shi.

Me ya faru da albashin? Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970, abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda da abin da ake biyansa tare suka riƙa tashi, kowanne ya kusa ninkawa. A 1950 ƙungiyar ma'aikatan motoci ƙarƙashin Walter Reuther ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Motors a Detroit: ƙarin albashi kowace shekara, ƙarin da ke bin tsadar kaya, fansho, da taimakon kuɗin asibiti. Mutumin da sakandare kawai ya gama yana iya sayen gida ya riƙe iyali. A lokacin kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku ɗan ƙungiyar ƙwadago ne. Yau kimanin ɗaya ne cikin goma, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa kusan kashi 6 cikin 100. A watan Agustan 1981 Shugaba Ronald Reagan ya kori sama da mutum 11,000 masu ba jiragen sama hannu saboda sun shiga yajin aiki, kuma duk wani mai kamfani a ƙasar ya fahimci saƙon. Masana'antu da ke ɗauke da ma'aikata kusan miliyan 19 da rabi a 1979 suka riƙa raguwa, injina suka ci wasu ayyukan, wasu suka ƙaura ƙetare. Tsakanin 2000 da 2010, shekarun da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, sama da guraben aiki miliyan 5 suka salwanta a masana'antu. Abin da ma'aikaci ke samarwa bai daina hawa ba, albashinsa ne ya riƙa jan ƙafa, yayin da shugaban babban kamfani, wanda a 1965 yake ɗaukar ninki 20 na albashin ma'aikacinsa, ya koma ɗaukar wajen ninki 300. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai masana da ke cewa an zuzuta wannan tazara. In ka haɗa da inshorar lafiya da sauran alawus, in ji su, ka kuma sauya ma'aunin hauhawar farashi, giɓin zai ragu sosai. Gaskiya ne yana raguwa. Amma dubi abin da ake lissafa wa ma'aikacin a matsayin samu. A 2024 inshorar lafiyar iyali ta hannun wurin aiki ta haura dala 25,000 a shekara, ma'aikaci na biyan sama da 6,000 daga albashinsa, kamfani na biyan saura. Wannan sauran a takarda ladansa ne, amma bai taɓa shiga hannunsa ba, daga kamfani ya wuce wurin masu inshora da asibitoci. Zai biya haya da shi ne?

Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7 da santi 25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun watan Yulin 2009. Tun da aka kafa shi a 1938 ba a taɓa daɗewa haka ba a ƙara shi ba. Yi lissafi: awa 40 a mako, mako 52 ba fashi, dala 15,080 ke nan a shekara. Dala 1 da santi 60 da ake biya a 1968 ta haura dala 14 a kuɗin yau. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu, kuma waɗanda ake biya daidai wannan adadi ba su da yawa, amma jihohi 20 suna nan a kansa, kuma daga shi sauran ƙananan albashi ke ɗaukar haske. A 2020 ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokoki ya gano cewa yawancin ma'aikatan da ke karɓar tallafin abinci na gwamnati cikakken aiki suke yi, kuma Walmart da McDonald's na sahun gaba cikin wuraren da suke aiki. Mutum ya wuni a tsaye amma sai gwamnati ta cika masa kuɗin cefane, wa aka tallafa wa, shi ko kamfanin?

Sai hujjar da ta fi farin jini, a can da nan: almubazzaranci ne, su rage buri, daidai ruwa daidai tsaki. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba. Gidajen da ake ginawa yanzu sun fi na shekarun 1970 girma nesa ba kusa ba, kuma akwai mai cin bashin ƙatuwar mota don kawai maƙwabci ya saya. Amma a duba me ya yi araha, me ya yi tsada. Talabijin, tufafi, kayan wasan yara, kwamfuta, duk sun yi sauƙi in aka gwada da albashi. Abin da ya yi tashin gwauron zabo shi ne gida, asibiti, jami'a da renon yara, wato abubuwan da ba a iya cewa a bari sai baɗi. Mutum zai iya haƙura da sabuwar waya, zai iya haƙura da maganin ciwon sukari? Matsakaicin farashin gida ya haura dala 400,000, kuɗin ruwan bashin gida ya kusa kashi 8 cikin 100 a ƙarshen 2023. Kuma da yake makarantun gwamnati sun dogara sosai da harajin gidajen unguwa, uban da ya matsa wa kansa ya sayi gida a unguwa mai tsada, sau da yawa makarantar 'ya'yansa yake saye. Dokokin gini a garuruwa da yawa sun hana gina ƙananan gidaje ko benaye a mafi yawan filayensu. Mota kuwa, in ka bar 'yan birane kamar New York da Chicago, wanda ba shi da ita ba shi da hanyar zuwa aiki.

Batun asibiti ya fi damuna, domin nan ne aiki ya zama sarƙa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da inshorar lafiya, daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da tsarin. Tun daga nan lafiyar iyali ta rataya a wuyan aikin uba ko uwa. Mai ɗa mara lafiya ba ya iya barin aikin da ke cutar da shi, ba ya iya rage awanni, ba ya iya ɗaga murya. Dokar Obama ta 2010 ta rage yawan marasa inshora ƙwarai, amma ta wajabta wa manyan kamfanoni inshorar masu yin awa 30 a mako zuwa sama ne kawai, kuma akwai wuraren da ke tsare ma'aikaci a ƙasa da hakan. Sai ya haɗa aiki biyu, babu wanda ya ba shi inshora a cikinsu. Ƙasar na kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma Bafaranshe da Bajapane sun fi Ba'amurke tsawon rai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A da yawancin jihohi suna da dokar da ta ƙayyade kuɗin ruwa. A 1978 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Marquette, ta yanke cewa banki mai lasisin tarayya zai iya caje kowa da dokar jihar da yake zaune, ko a ina mai bashin yake. Dakota ta Kudu ta cire ƙayyadewarta, Citibank ya kwashe harkar katin bashinsa zuwa can a 1981, Delaware ta bi sahu. Daga nan katin bashi ya malale ƙasar. Raghuram Rajan, tsohon babban masanin tattalin arziki na IMF, ya yi bayani a littafinsa na 2010 cewa 'yan siyasar manyan jam'iyyun Amurka biyu sun ga gyara albashi da ilimi zai ɗauki shekaru, sauƙaƙa bashi kuwa yana kwantar da ƙorafi kafin zaɓe. Sai aka riƙa ba mutane bashin gida da ba za su iya biya ba, masu gida kuma suka riƙa jinginar da shi suna cike giɓin albashi. Da abin ya fashe a 2008, Majalisa ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna, miliyoyin iyalai kuwa aka ƙwace gidajensu.

Yau bashin da ke kan gidajen Amurka ya haura dala tiriliyan 18. Na katin bashi kaɗai ya tsallake tiriliyan 1 a 2023, da kuɗin ruwan da ya haura kashi 20 cikin 100. Wanda ake bi dala 6,000 a kan kashi 22, dala 110 zai biya kowane wata kafin ya taɓa uwar kuɗin. A ƙasa da wannan akwai shagunan bashin jiran albashi, da ke cike unguwannin talakawa. Ɗauki mai goge-goge a asibiti da motarta ta lalace ana saura kwana goma a biya ta. In ba mota ba aiki. Ta shiga shagon da takardar albashinta, a ba ta dala 300, ta sa hannu cewa bayan mako biyu za a cire 345 daga asusunta. Ranar ta zo, ga haya ga cefane, sai ta biya 45 a ɗaga mata. In ta yi haka sau goma ta biya 450, kuma 300 ɗin tana nan a kanta. A lissafin shekara wannan ruwa ya kusa kashi 400 cikin 100. Maganinsa a wurinta shi ne ta karɓi aikin dare, ta koma tana zuba ruwa a randa mai tsaga.

Wanda ya ce shi ba zai ci bashi ba fa? Tun 1989 akwai makin FICO, daga 300 zuwa 850, da ke auna tarihin bashin mutum. Masu ba da hayar gida suna duba tarihin nan, masu inshorar mota ma a jihohi da yawa haka. Wanda bai taɓa cin bashi ba ba shi da maki, kuma rashin maki bai fi mummunan maki da yawa ba. Musulminmu da suka je can suna gudun riba sun san wannan tsaka mai wuya, rana zafi inuwa ƙuna. Matashi kuma an ce masa ba shi da makoma sai da digiri, jihohi suka rage abin da suke ba jami'o'insu a kan kowane ɗalibi, kuɗin makaranta ya hau. Sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da bashin karatu na tarayya, jimlarsa ta haura dala tiriliyan 1.6, kuma shi ne bashin da ko kotu ta tabbatar mutum ya karye da ƙyar ake yafe shi.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce wannan: Amurka fa ta fi yawancin Turai arziki. Matsakaicin samun iyali ya kai kusan dala 80,000 a 2023. Kusan kashi 70 cikin 100 na wancan bashi na dala tiriliyan 18 na sayen gida ne, gida kuwa kadara ce. In aka gwada bashin da girman tattalin arziki, ya ragu daga inda yake a 2008. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk na yarda. Amma rabin al'ummar na ƙasa ba su mallaki kashi 3 cikin 100 na dukiyar ƙasar ba, kashi 1 na sama kuwa na riƙe da kusan kashi 30. A binciken Babban Bankin Amurka na 2023, kashi 37 cikin 100 na manya sun ce in larurar dala 400 ta faɗo musu ba za su biya nan take da kuɗin hannu ba. Wannan a ƙasar da ta fi kowace arziki. Arzikin yana nan, rijiya ta bayar, guga ya hana.

Abin da ya faru bayan annobar korona ya ƙara min yaƙini. Da ma'aikata suka yi ƙaranci, kamfanoni suka shiga rububinsu, albashin na ƙasa ya tashi da saurin da aka daɗe ba a gani ba. A 2023 ma'aikatan motoci suka yi yajin aiki a Ford da General Motors da Stellantis, suka samo ƙarin kashi 25 cikin 100 a tsawon yarjejeniyar. A 2021 gwamnati ta faɗaɗa tallafin yara, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2, da aka bar shirin ya ƙare, a 2022 ya koma kashi 12.4. Halin iyayen yaran ne ya sauya cikin shekara guda, ko ƙuri'ar 'yan majalisa?

Mu ma abin ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. A 2024 gwamnatin Najeriya ta kafa hukumar bashin masu saye, CREDICORP, ta kuma fara bashin ɗalibai na NELFUND, ga manhajojin bashi a wayar kowa. Ba na ƙin bashin da zai sai wa mutum keken ɗinki ko ya kai shi makaranta. Abin da nake tsoro shi ne a mai da shi amsar albashin da ba ya kai ƙarshen wata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a ce mahukuntan Amurka ba su san illar abin ba. A 2006 ma'aikatar tsaro ta kai wa Majalisa rahoto cewa shagunan bashi da suka kewaye barikoki suna jefa sojoji cikin halin da ke raunana shirin yaƙi. A shekarar Majalisa ta yi doka: ba a caje soja da iyalinsa ruwan da ya wuce kashi 36 cikin 100 a irin wannan bashi. Mai goge-gogen asibiti ba ta cikin dokar, direban tasi ba ya ciki, mai kula da tsofaffi ba ta ciki. An sha gabatar da ƙudirin da zai shimfiɗa wannan kariya ga kowa da kowa, har yau bai zama doka ba.